Daga Cape Coast Zuwa Kumasi, Hanyar da Zinariyar Asante ta Bi

Tsakanin garin Cape Coast da ke bakin teku da birnin Kumasi akwai tafiyar da ta haura kilomita 200, kuma duk wanda ya shiga motar haya a wannan hanya yana bin sawun rundunar Birtaniya ne da Janar Garnet Wolseley ya jagoranta a farkon 1874, wadda ta kutsa kurmi da bindigogi ta fito da zinariya. Abin da ya kai ni Ghana shi ne in ga kayan sarautar Asante da aka dawo da su fadar Manhyia, mazaunin sarkin Asante a Kumasi, a 2024, waɗanda wasunsu sun yi shekara 150 a hannun Turawa, saboda haka maimakon in hau mota kai tsaye daga Akra, sai na zagaya ta gaɓar teku domin in fara daga garin da aka yi gwanjon kayan, in ƙare a birnin da aka ɗebo su.

Katafaren ginin nan mai farin fenti da ke kan duwatsun bakin ruwa a Cape Coast, wanda har yau igwoyinsa suke fuskantar teku, an fi saninsa da kurkukun bayi, kuma a kan wannan ne mai zagayawa da baƙi ya tsaya. Ya sauka da mu cikin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu duhu da ɗumi, ya nuna mana ƙofar da ake fitar da mutane zuwa jirgi, kuma babu wanda zai ga laifinsa don bai wuce nan ba. Amma wannan gari shi ne mazaunin gwamnatin Ingilishi a gaɓar har zuwa 1877, lokacin da aka mayar da hedkwata Akra, kuma a nan aka shirya yaƙin 1874, nan ne kuma aka sauke ganimarsa. Tushen rigimar shi ne garin Elmina da ke maƙwabtaka. A 1872 Turawan Holan suka miƙa shi ga Ingilishi, alhali sarakunan Asante suna ɗaukarsa a matsayin tasharsu ta teku, inda bindiga da albarushi suke shigo musu, kuma shekara da shekaru Holan tana biyan su kuɗi a kansa. Da sababbin masu garin suka ƙi amincewa da wannan haƙƙi, Sarki Kofi Karikari ya tura runduna ta haye kogin Pra a farkon 1873, ta fatattaki Fante, mutanen gaɓar da ke ƙarƙashin kariyar Ingilishi, ta matso har kusa da teku. Landan ta amsa da turo Wolseley. Da sojojinsa suka komo daga Kumasi a watan Fabrairun 1874, sai aka baje abin da suka kwaso aka yi gwanjonsa a bainar jama'a, hafsoshi da 'yan kasuwa da attajiran gari suna tayawa, ana rubuta kowane kaya da farashinsa.

Motar da na shiga irin wadda suke kira trotro ce, ba ta tashi sai ta cika. Daga mahaɗar Yamoransa hanya ta juya arewa, ta ratsa gonakin koko da kwakwar manja da lemu, ta wuce Assin Manso da Assin Fosu. Kurmin da ya tsorata Turawa ya ragu ƙwarai, amma jefi-jefi mutum yana ganin wata doguwar rimi ta yi wa sauran itatuwa zarra, sai ya kwatanta yadda dajin yake a lokacin da rana ba ta taɓa ƙasa. Wolseley ya fi tsoron zazzaɓi da damina fiye da mayaƙan Asante, shi ya sa ya tsara yaƙinsa kaf a cikin rani. Kafin ya sauko da fararen sojoji daga jirage, injiniyoyinsa sun share hanya daga teku har kogin Pra, sun gina gadoji 237 manya da ƙanana, sun kafa zango-zango da bukkokin kwana da ruwan sha tatacce, kuma ana ba kowane soja maganin zazzaɓi. Duk wannan aiki a kan wuyan mutanen ƙasa ya tsaya, domin dubban 'yan dako, maza da mata, su suka ɗauki abinci da harsashi a ka, da yawansu bisa tilas, kuma gudun da suke yi cikin dare ya kusa tsayar da yaƙin gaba ɗaya.

A Assin Praso na sauka na tsaya a kan gada. Ruwan Pra ya yi jajir da laka, kuma wani matashi mai sayar da ruwan leda ya ce mini aikin masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba ne a can sama, abin da suke kira galamsey. Wannan kogi shi ne iyakar ƙasar Asante a wancan zamani, kuma a gefensa na kudu rundunar ta taru kafin ta haye a watan Janairun 1874. Idan ana ba da labarin yaƙin a Ingila, sunayen da ake ambata su ne bataliyar 'yan Sikotilan da ake kira Black Watch, da Rifle Brigade, da Royal Welch Fusiliers, da sojan ruwa, waɗanda jimillarsu ta kai kimanin mutum 2,500. Waɗanda ba a cika ambata ba su ne baƙaƙen sojojin rundunar West India da aka kawo daga tsibiran Karibiyan, da mayaƙan da aka ɗebo daga Saliyo da Bonny da Opobo, sai kuma Hausawa. Ƙananan igwoyi da rokokin da suka buɗe wa rundunar hanya a cikin kurmi, Hausawa ne suke harba su a ƙarƙashin wani Kyaftin Rait, kuma akwai kamfani guda na Hausawa a cikin rundunar Manjo Baker Russell da ke kan gaba.

Asalin waɗannan sojoji a Legas yake. A 1863 John Glover, hafsan sojan ruwa wanda daga baya ya riƙe gwamnatin Legas, ya tara wasu 'yan Arewa ƙalilan, akasarinsu bayi da suka tsere wa iyayengijinsu, ya ba su bindiga da kaki, kuma daga wannan ƙaramar ƙungiya ce Rundunar Sojan Najeriya take ƙirga tarihinta har yau. Ba duk wanda Bature ya rubuta a matsayin Bahaushe ne Bahaushe ba, domin akwai Barebari da Nufawa da Gurunsawa da wasu ƙabilu da dama, sai dai Hausa ce harshen bariki, kuma akasarinsu Musulmi ne da ba su da dangi a bakin teku, abin da ya sa Turawa suka amince da su. A yaƙin 1874 Glover ya ja tasa rundunar ta daban daga wajen kogin Volta, ya nufo Kumasi ta gabas. Sunayen mutanensa kusan duk sun ɓace, in ban da irin su Saje Manjo Braimah Doctor, wanda shi ma abin da ya sa aka tuna da shi shi ne wani hafsa Bature, Reginald Sartorius, ya sami lambar Victoria Cross saboda ɗauko shi da ya yi daga cikin ruwan harsashi bayan an yi masa mummunan rauni.

Bayan Pra hanya takan fara hawa tsaunukan Adansi, ta gangara Fomena, sannan ta wuce ta yankin Bekwai, inda ƙauyen Amoaful yake. A nan aka yi babban gumurzu ranar 31 ga Janairun 1874. Asante sun fi yawa nesa ba kusa ba, sun san dajinsu, sun kuma yi ƙoƙarin zagaye rundunar ta kowane ɓangare kamar yadda suka saba, amma bindigoginsu na toka ne da ake ɗurawa ta baki, harsashinsu gutsattsarin ƙarfe da tsakuwa wanda sau da yawa yakan raunata ba tare da ya kashe ba, su kuwa Ingilishi suna riƙe da bindigar Snider da ake ɗurawa ta baya. Babban kwamandan Asante, Amankwatia, a nan ya faɗi. Bayan wani artabu a Odaso, rundunar ta shiga Kumasi da yammacin 4 ga Fabrairu, ta tarar sarki ya fice, an kuma fitar da Kujerar Zinariya, babbar alamar sarautar Asante, da mafi tsarkin kayan sarauta.

Na isa Kumasi da almuru, na sauka a Zongo a gidan wani dattijo da aka haɗa ni da shi tun daga Kano, wanda kakansa fataucin goro ne ya kawo shi ƙasar Tonawa, kamar yadda tsofaffinmu suke kiran Asante. Da ya ji abin da ya kawo ni, bayan mun ci tuwo sai ya ce: “Ɗana, gidajen asali na Zongon nan iri biyu ne, akwai na fatake akwai na soja. Kowa yana alfahari da kakansa bafatake, amma ba ka cika jin mai cewa kakansa ya shigo garin nan da bindigar Bature a kafaɗa ba.” Na ce masa, “Baba, ai ko a wajenmu haka abin yake.” Ya yi dariya, ya ce in je in ga fada tukuna, sannan in je bariki, kada in tsaya a ɗaya.

Abin da ya faru a birnin cikin kwanakin da rundunar ta yi a ciki shi ne, a ganina, zuciyar wannan labari. A daren farko gobara ta tashi a unguwanni, wasu daga cikin mabiya rundunar suka shiga ɗibar kaya, sai Wolseley ya sa aka rataye wani ɗan sandan Fante da aka kama da kayan sata, aka kuma yi wa wasu bulala. Washegari da dare, hafsoshin da aka naɗa wakilan ganima, cikinsu har da Kyaftin Redvers Buller wanda daga baya ya zama babban janar, suka shiga fadar sarki da kyandirori, suka kwana suna tantance kaya suna ɗaurewa. Fadar nan ta ƙunshi wani bene na dutse da Sarki Osei Bonsu ya gina a farkon shekarun 1820, wanda ya zama ma'ajin dukiyar sarauta, kuma 'yan jaridar da suka biyo rundunar sun ba da labarin abin da suka gani a ciki: kayan zinariya da na azurfa, kujeru masu ado, tufafin alharini, laimomi, agoguna, kayan gilashi na Turai, dardumomin Farisa, littattafai cikin harsuna daban-daban, har da wani tsohon kwafin jaridar Times na 1843. An ɗauki iya abin da 'yan dako za su iya ɗauka, domin ruwan sama ya fara sauka kuma Wolseley yana tsoron koguna su cika su tare masa hanya. Da safiyar 6 ga Fabrairu injiniyoyi suka tayar da fadar da albarushi, aka cinna wa birnin wuta, rundunar ta juya kudu. Glover da Hausawansa sun iso ranar 12 ga wata, suka tarar da toka. Wanda aka rataye da waɗanda suka kwana suna ɗaure kaya abu ɗaya suka yi, bambancin kawai shi ne ɗaya ya ɗauka wa kansa, sauran kuma sun ɗauka da izinin janar da takarda a hannu.

Ba a nan ɗibar ta tsaya ba. Yarjejeniyar da ake kira ta Fomena ta ɗora wa Asante tarar zinariya oza 50,000, kuma kimanin oza 1,000 da manzannin sarki suka kawo a matsayin kason farko ba gari ba ne, yawancinsa ƙerarrun kayan ado ne da aka tattaro cikin gaggawa. Da yawa daga cikin zinariyar ta faɗa hannun kamfanin Garrard na Landan, maƙeran gidan sarautar Ingila, suka sayar wa masu kuɗi da gidajen tarihi. Ta wannan hanya Sir Richard Wallace ya sayi wani kan mutum na zubin zinariya, wanda yana cikin manyan ƙerarrun zinariya da suka fita daga Afirka ta Yamma, kuma har yau yana gidan tarihin Wallace a Landan. Laimar Kofi Karikari aka kai wa Sarauniya Victoria. Majalisa ta ba Wolseley kyautar fam 25,000, shi kuwa Kofi Karikari mutanensa suka sauke shi daga kujera kafin shekarar ta ƙare. Asante suna kiran wannan yaƙi Sagrenti.

Gidan tarihin Manhyia wani bene ne madaidaici da aka gina a 1925 domin Sarki Prempeh I, shekara guda bayan dawowarsa daga tsibiran Seychelles inda Ingilishi suka tsare shi, aka kuma mayar da shi gidan tarihi a 1995. Ɗawisu suna yawo a farfajiya, kuma a ciki akwai mutum-mutumin sarakuna da iyayen sarakuna zaune a kan kujerunsu, waɗanda suka yi kama da masu rai har wata mata da muka shiga tare ta ɗan rusuna. Kayan da aka dawo da su suna cikin akwatunan gilashi. Akwai takobin sarauta da ake kira Mpomponsuo, irin wanda hakimai suke riƙewa su yi rantsuwar biyayya ga sarki, akwai wani dogon lofe na zinariya, da zobba da awarwaro da duwatsun wuya. Na fi daɗewa a gaban fayafayan zinariya da ake kira akrafokonmu, waɗanda wasu zaɓaɓɓun bayin fada, masu aikin tsarkake kurwar sarki, suke ratayawa a ƙirji da farin zare. Kowane faifai bai wuce tafin hannu ba ko ya ɗan fi, amma idan mutum ya matso zai ga zanen ya fito ne daga siraran zarurruka da aka naɗe ɗaya bayan ɗaya. Maƙerin yakan fara murza kakin zuma ya yi siriri, ya tsara siffar da shi, ya lulluɓe ta da yumɓu mai laushi haɗe da garin gawayi, ya gasa har kakin ya narke ya fita, sannan narkakkiyar zinariya ta cike gurbinsa. Dole a fasa yumɓun kafin a ciro kayan, don haka kowane faifai shi kaɗai ne irinsa a duniya. A gefen wani na ga 'yar lanƙwasa, alamar cewa abu ne da aka yi amfani da shi, aka yi gumi a kansa.

Ranar Lahadin Akwasidae, bikin da ake yi duk bayan mako shida, na koma fadar na tsaya cikin jama'a. A nan na ga irin waɗannan fayafai a ƙirjin samari zaune a gaban sarki, na ga masu riƙe da takubba sun juya ƙotar zinariya wajen mai sarauta, ana kaɗa tambura ana juya laimomi. Sai a lokacin mutum yake gane girman abin da aka yi a 1874, domin kayan da Bature ya jera a matsayin kayan fasaha, a nan kayan aikin mulki ne, kowanne da mai riƙe shi da ranar fitowarsa da abin da yake nufi.

Maganar da ta fi yawo a bakin mutanen Kumasi ita ce ta aro. Guda 32 da suka zo daga Landan, 17 daga gidan tarihi na Victoria da Albert, 15 daga Gidan Tarihin Birtaniya, ba kyauta aka mayar da su ba, aro ne na shekara uku, da damar ƙara wasu ukun. Hujjar gidajen biyu ita ce dokokin ƙasarsu, ta 1963 da ta 1983, sun hana su rabuwa da abin da ke cikin ma'ajinsu. An ƙulla yarjejeniyar da fadar Asantehene, wato sarkin Asante, kai tsaye ba da gwamnatin Ghana ba, bayan Sarki Otumfuo Osei Tutu II ya sake tayar da maganar lokacin da ya je Landan bikin naɗin Sarki Charles a 2023, kusan shekara 50 bayan magabacinsa Opoku Ware II ya nema a 1974 ba a ba shi ba. An buɗe baje kolin ranar 1 ga Mayun 2024. Watanni kaɗan kafin haka, gidan tarihin Fowler na Jami'ar Kalifoniya ya mayar da guda 7 baki ɗaya ba tare da sharaɗi ba, cikinsu har da kujera da wutsiyar giwa ta sarauta. Mai masaukina bai ɓoye ra'ayinsa ba, cewa ya yi kayan aro ba ya rufe katara, kuma wanda ya karɓi aron kayansa ya yarda ke nan cewa na wani ne. Wani malamin makaranta da na tarar ya kawo ɗalibai ya ce shi kuwa ya gwammace yaransa su ga takobin a yau da su jira Majalisar Ingila ta gyara dokarta. Na fahimci dukansu biyu, ko da yake na fi karkata ga dattijon, domin dokar da ake fakewa da ita mutane ne suka yi ta, kuma Faransa ta yi sabuwar doka musamman a 2020 don ta mayar wa Jamhuriyar Benin kaya 26 na fadar Abomey.

Barikin da dattijon ya ce in je shi ne jan ginin nan na tsakiyar gari, sansanin da Ingilishi suka gina a 1897, wanda yanzu ya zama gidan tarihin sojan Ghana. Soja ne ya zagaya da mu. A jikin tambarin tsohuwar rundunar Gold Coast an rubuta take da Hausa, Kullum Shiri, kuma hotunan da ke bango cike suke da baƙaƙen sojoji masu jar dara da gajeren wando, ƙafa ba takalmi, Bature ɗaya ko biyu zaune a tsakiya. Sansanin ya samo asali ne daga zuwa na biyu da Ingilishi suka yi Kumasi. A Janairun 1896 wata runduna ƙarƙashin Sir Francis Scott, wadda ta haɗa da Hausawan rundunar tsaron Gold Coast da 'yan ƙasa da Robert Baden-Powell yake jagoranta, ta shiga Kumasi ba tare da an harba harsashi ba, domin Prempeh I ya hana mutanensa yaƙi. Gwamna William Maxwell ya zauna a kan dandamalin da aka haɗa da akwatunan biskit, aka sa sarki da mahaifiyarsa Yaa Akyaa suka durƙusa a gabansa, sannan ya nemi cikon tarar nan ta 1874. Da sarki ya ce abin da zai iya bayarwa nan take oza 680 ne, sai aka kama shi da manyan fadawansa, aka sake kwashe fada, aka rushe hubbaren sarakuna na Bantama. Babban daron tagulla da ke gaban hubbaren, Aya Kese, yanzu yana gidan tarihin sojan Birtaniya a Landan.

Zuwa na uku ya fi kusa da mu. A watan Maris na 1900 Gwamna Frederick Hodgson ya tara sarakunan Asante a gaban wannan sansani ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya ya zauna a kai, kujerar da ko sarkin Asante ba ya zama a kanta. Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, ta jagoranci tawaye, aka yi wa sansanin ƙawanya watanni, kuma waɗanda suka tsare shi suna mutuwa da yunwa da cuta akasarinsu sojojin Hausa ne. Hodgson ya fasa ƙawanyar ya tsere a watan Yuni, Kanar James Willcocks kuma ya iso da agaji ranar 15 ga Yuli, da sojojin da aka janyo daga wurare da dama, ciki har da na Lugard daga Arewacin Najeriya. Wannan runduna ta Lugard ce, ƙarƙashin Kanar Morland, ta fasa ganuwar Kano a Fabrairun 1903. A Abomey a 1892 akwai kamfanonin Hausawa cikin rundunar Faransa ta Kanar Dodds, haka kuma a birnin Benin a 1897 akwai su cikin rundunar Admiral Rawson da ta kwashe dubban kayan tagulla da hauren giwa daga fadar Oba Ovonramwen. Kusan babu wata babbar fada da Turawa suka wawashe a wannan yanki da ba a ji Hausa a bakin masu riƙe da bindiga ba. Wannan bai rage wa Landan da Faris alhaki ko kaɗan ba, su suka tsara, su suka ba da umarni, kuma ma'ajinsu ne ya cika. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma bai kamata Bahaushe ya karanta tarihin nan kamar ɗan kallo ba.

Akwai hujjar da ake yawan kawowa cewa ɗibar ganima al'adar yaƙi ce a wancan zamani, kowa yana yi. Gaskiya ne Asante ma sun yi, domin ma'ajin sarakunansu ya ƙunshi kayan Denkyira da na sauran ƙasashen da suka ci, kuma da suka kashe Gwamna Charles MacCarthy a 1824 sun tafi da kansa Kumasi. A cikin sansanin kansa akwai makaman da sojojin Gold Coast suka ƙwato daga hannun Italiya a gabashin Afirka da Japan a Bama. Sai dai ƙwace bindigar abokin gaba a fagen fama daban, kwashe ma'ajin fada da hubbare daban, kuma Turawa sun san bambancin. A 1815, bayan faɗuwar Napoleon, Duke na Wellington da kansa ya tsaya aka fitar da zane-zane da gumakan da sojojin Faransa suka kwaso daga gidan tarihin Louvre aka mayar wa masu su, har da dawakan tagulla na birnin Venis. A 1871 Firayim Minista Gladstone ya nuna takaicinsa a Majalisa kan kayan coci da aka kwaso daga Maƙdala ta Habasha a 1868, kuma shi ne a kan mulki ranar da aka tayar da fadar Kumasi. A cikin wannan shekara ta 1874 wakilan ƙasashen Turai suka zauna a Brussels suka rubuta daftarin da ya haramta wawashe gari da taɓa kayan fasaha a lokacin yaƙi. Ƙa'idar tana nan, ba a dai ga Afirka ta cancanci a yi mata aiki da ita ba.

Abin da ya dawo kaɗan ne idan aka gwada da abin da ya rage a Wallace, da ma'ajin gidan sarautar Ingila, da gidajen tarihin bataliyoyin da suka yi yaƙin, da hannun jikokin hafsoshi waɗanda lokaci-lokaci sukan fito da shi kasuwar gwanjo. Cikin abin da ya rage akwai wata babbar butar tagulla da aka ƙera a Ingila a shekarun 1390, zamanin Sarki Richard II, mai ɗauke da tambarin sarautar Ingila da rubutun tsohon Ingilishi, wadda ta yi doguwar tafiya har ta zama kayan tsafi a farfajiyar fadar Kumasi, inda aka ɗauki hotonta a ƙarƙashin wata itaciya a shekarun 1880. Sojojin 1896 suka ɗauke ta, Gidan Tarihin Birtaniya ya saye ta daga hannun wani hafsa a wannan shekara, kuma ba ta cikin kayan da aka kawo aro a 2024. Wa'adin farko na aron zai cika a 2027.